Ƙaramar Gidding: Tarihin Kufan da Ibada ta Rayar a Ƙasar Ingila

Gabatarwa

Idan aka ambaci ƙasar Ingila, abin da yakan fara faɗowa a zukatan yawancinmu shi ne birnin Landan da benayensa, ko fadar sarauta, ko manyan jami'o'in da suka yi suna a duniya. Ba kasafai mukan tuna cewa a bayan waɗannan birane akwai ƙauyuka da 'yan unguwannin manoma waɗanda gidajensu ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ba. A wannan rubutu za mu waiwayi ɗaya daga cikinsu, wanda Turawa ke kira Little Gidding, wato Ƙaramar Gidding. Wuri ne da ba shi da kasuwa, ba shi da sarki, ba a kuma taɓa gwabza wani yaƙi a filinsa ba. Duk da haka sarkin Ingila ya taka ƙafarsa ya je can a lokacin da duniya ta juya masa baya, manyan marubuta sun ɗaukaka sunansa, kuma har yau baƙi suna zuwa daga ƙasashe masu nisa domin su gan shi. Manufarmu ita ce mu bi diddigin abin da ya rayar da wannan wuri bayan ya zama kufai, da abin da ya hana a manta da shi bayan waɗanda suka raya shi sun ƙare.

Wurin da yanayinsa

Ƙaramar Gidding tana gabashin Ingila ne, kimanin mil 9 arewa maso yamma da garin Huntingdon. A da tana cikin lardin Huntingdonshire, amma tun 1974 aka shigar da yankin cikin lardin Kambirij. Faɗin ƙasarta eka 724 ne, kusan duka gonaki da makiyaya, kuma a ƙidayar 1991 mutum 22 kacal aka samu a cikinta. Tana da 'yan'uwa biyu masu suna iri ɗaya. Akwai Babbar Gidding, inda mafi yawan jama'ar yankin suke zaune, sannan akwai Steeple Gidding, wadda ta yi ƙaranci har aka daina ibada a cocinta, aka miƙa ginin ga wata hukuma mai kula da tsofaffin coci-coci.

Wanda ya nufi Ƙaramar Gidding sai ya bar babban titi ya bi wata siririyar hanya tsakanin shingayen gonaki, kuma a nan hanyar take ƙarewa. Babu kanti, babu makaranta, babu asibiti ko gidan waya. Mazauna wurin sukan fita zuwa Sawtry ko Huntingdon ko Peterborough domin sayayya da neman magani. Abin da ke wurin shi ne 'yan gidaje, da wani tsohon gidan gona da ke saukar masu ziyara, da wani ɗan ƙaramin coci mai sunan Yahaya marubucin Linjila, wanda in mutum talatin ko arba'in suka shiga ya cika.

Yadda ƙauyen ya zama kufai

An fara samun sunan Gidding a rubuce a cikin babban kundin ƙidayar filaye da dukiya wanda Sarki William ya sa aka yi a 1086, shekara 20 bayan ya ci Ingila da yaƙi. A lokacin gari ɗaya ne, daga baya ya rabu uku. A ƙarni na 12 masu gandun suka ba da cocin Ƙaramar Gidding ga ƙungiyar mayaƙan nan 'yan zuhudu da ake kira Templar, waɗanda suka yi suna a yaƙe-yaƙen Gicciye. Bayan Paparoma ya rushe ƙungiyar a 1312 sai cocin ya koma hannun wata ƙungiyar mai kama da ita.

Abubuwa biyu ne suka cinye ƙauyen. Na farko shi ne babbar annobar da ta shiga Ingila a 1348, wadda ta kashe aƙalla kashi ɗaya cikin uku na mutanen ƙasar. Na biyu, wanda ya zo a hankali amma ya fi yin illa, shi ne cinikin ulu. Da masu gandu suka ga kiwon tumaki ya fi noman hatsi kawo kuɗi, sai suka shiga killace filayen da talakawa ke nomawa suna mayar da su makiyaya. Gonar da a da take ciyar da magidanta goma sai ta zama makiyayi ɗaya da karensa sun ishe ta. Ta haka ƙauyuka da yawa na tsakiyar Ingila suka watse, har da wannan. Zuwa 1625 babu abin da ya rage a Ƙaramar Gidding sai rusasshen gidan mai gandu, da bukkar makiyayi, da cocin, wanda aka mayar rumbun harawa, wani sashensa kuma garken aladu.

Zuwan iyalin Ferrar

Wanda ya sauya labarin wurin shi ne Nicholas Ferrar, ɗan wani attajirin Landan. Ya yi karatu a Jami'ar Kambirij, sannan daga 1613 zuwa 1618 ya yi yawon neman ilimi da lafiya a Jamus da Italiya da Sifen, har ya karanci ilimin likitanci a Padua. Da ya dawo sai ya shiga harkar da iyalinsa suka zuba dukiya a ciki, wato Kamfanin Virginia, wanda sarki ya ba izinin kafa mazaunin Turawan Ingila a Amurka. Ya kamata mu lura cewa a wannan mazauni ne aka sauke 'yan Afirka na farko da aka kamo aka sayar a 1619, kuma filayen da kamfanin ke rabawa na mutanen asalin ƙasar ne. Saboda haka dukiyar da za ta gina gidan ibadar da muke magana a kai tana da dangantaka da tarihin mamaya. A 1622 Nicholas ya gaji wansa John a matsayin mataimakin ma'ajin kamfanin, a 1624 kuma ya shiga Majalisa.

Duniya rawar 'yan mata, in ji masu iya magana, na gaba ya koma baya. A cikin 1624 ɗin Sarki James ya soke takardar izinin kamfanin. John ya faɗa cikin bashi saboda karayar wani abokin cinikinsa. Domin a ceto shi, mahaifiyarsu Mary Ferrar, wadda mijinta ya riga ya rasu, ta sayi gandun Ƙaramar Gidding daga hannun wannan abokin ciniki a kan fam 6,000. A 1625 annoba ta sake ɓarkewa a Landan, iyalin suka fice zuwa ƙauye. Labarin da iyalin suka adana ya nuna cewa da tsohuwar ta iso, ta ƙi shiga gida ta huta sai da aka kwashe harawar da ke cikin cocin ta shiga ta yi addu'a. Gyaran cocin shi aka fara yi kafin gyaran ɗakunan kwana.

A 1626 Bishof William Laud ya naɗa Nicholas dikon a babban cocin Westminster. Wannan shi ne ƙaramin matsayi a limancin Cocin Ingila, kuma ya ƙi yarda a ɗaga shi sama da haka har ya mutu, duk da tayin da manyan abokansa suka yi masa. Yana da shekara 30 da 'yan kai ya bar siyasa da ciniki, ya koma ƙauyen da ba shi da maƙwabta.

Tsarin rayuwar gidan

Mutanen gidan sun kai talatin zuwa arba'in. Akwai Mary uwar gida, da Nicholas wanda bai yi aure ba, da John da matarsa Bathsheba da 'ya'yansu, da 'yar'uwarsu Susanna Collett da mijinta da tarin 'ya'yansu, sai barori da malaman makaranta. Sukan tashi da ƙarfe 4 na asuba a lokacin zafi, ƙarfe 5 a lokacin sanyi. Safe da yamma sukan jera biyu-biyu su tafi coci su yi addu'o'in da littafin ibada na Cocin Ingila ya tanada. A tsakani kuma, duk sa'a in an kaɗa ƙararrawa, rukunin da ke da aiki a wannan sa'ar yakan taru a babban ɗaki na ɗan lokaci ya karanta wani yanki na Zabura da na Linjila. Da wannan rabo sukan sauke surorin Zabura 150 a kowace rana, su sauke tarihin Almasihu sau ɗaya a wata. Daga baya suka ƙara da tsayuwar dare ga mai so, daga ƙarfe 9 na dare zuwa ƙarfe 1, maza a ɗakinsu mata a nasu. Idan sun gama sai su ƙwanƙwasa ƙofar Nicholas su ajiye masa kyandir, shi kuma ya tashi ya ci gaba har gari ya waye. Da yake dikon ba ya jagorantar jibin Ubangiji, limamin Babbar Gidding ne yakan zo ya yi musu sau ɗaya a wata.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne cewa ibadar ba ta rufe musu ƙofa ga maƙwabta ba. A yankin da babu hukumar da ta damu da talaka, wannan gida shi ya zama makaranta da ɗakin shan magani da gidan gajiyayyu. Sun gyara ɗakin tattabaru suka mayar da shi aji, suka ɗauki malamai uku, ɗaya na karatu da rubutu, ɗaya na Latin, ɗaya na lissafi da kiɗa, kuma an bar yaran maƙwabta su shiga. Sun ware ɗakuna ga wasu tsofaffin mata huɗu marasa galihu waɗanda mazajensu suka mutu. Nicholas ya koya wa 'ya'yan 'yar'uwarsa mata haɗa man shafawa da ɗaurin rauni, suna yi wa mutanen ƙauyuka kyauta. Ana kuma dafa kunu a raba wa mabuƙata. Kowace Lahadi yaran karkara sukan zo da safe su kawo hadda, duk wanda ya kawo sura ɗaya ta Zabura ba kuskure a ba shi kwabo ɗaya, sannan a zaunar da su duka a ba su abincin rana. Har ila yau Mary Ferrar ta mayar wa cocin filayen da masu gandun farko suka ƙwace masa.

Sana'ar da ta fi fito da sunansu ita ce haɗa littattafai. Sukan sayi bugaggun kofe na Linjila, su yanka ayoyin littattafan Matiyu da Markus da Luka da Yahaya da almakashi da wuƙa, su jera su a bisa tsarin aukuwar labari, su manna a manyan takardu tare da hotuna, a cikin babi 150. Aikin yakan fita da tsabta har mai dubawa ya zaci daga maɗaba'a ya fito. 'Yan matan gidan ne suka fi yin wannan aiki, musamman Mary Collett da ƙanwarta Anna, waɗanda suka zaɓi su zauna ba aure, kuma sun koyi ɗinkin littafi da yi masa bango. Da Sarki Charles na Ɗaya ya ji labari sai ya aika aka aro masa ɗaya, ya riƙe shi watanni, ya mayar da shi da rubutun hannunsa a gefen shafuka, ya kuma nemi a yi masa nasa. Wanda aka yi masa a 1635 yana nan a babban ɗakin karatu na Birtaniya da ke Landan. Amincin da ke tsakanin Nicholas da mawaƙin nan kuma limami George Herbert shi ma ya bar gado mai girma. Da Herbert ya ga alamun ajali a 1633, sai ya aiko masa da rubutattun waƙoƙinsa, ya ce in ya ga za su amfani wani mai karyayyar zuciya ya buga, in ba haka ba ya ƙone. Nicholas ya sa aka buga su a Kambirij a wannan shekarar da sunan The Temple, littafin da har yau ake karantawa a sassan nazarin adabin Ingilishi.

Tsakanin harshe da haƙori ma akan saɓa. Wasiƙun iyalin sun nuna cewa Bathsheba, 'yar birni ce da ta saba da walwalar Landan, ba ta taɓa jin daɗin wannan zama ba, kuma ta sha yin rigima a kan yadda mijinta ya miƙa ragamar gidan ga ƙaninsa. Tsarin da wasu suka zaɓa da zuciya ɗaya ya zame wa wasu dole, domin aure ko haihuwa ne ya kawo su cikinsa.

Zargi da yaƙin basasa

Domin mu fahimci abin da ya biyo baya, sai mun tuna halin da addini yake ciki a Ingila. A 1534 Sarki Henry na Takwas ya raba cocin ƙasar da Paparoma, kuma daga 1536 zuwa 1540 ya rushe dukkan gidajen 'yan zuhudu ya ƙwace dukiyarsu. Tun daga lokacin duk wani abu mai kama da zaman zuhudu ya zama abin tuhuma. Akwai kuma ɓangaren Furotesta masu tsauri da ake kira Puritan, waɗanda suke ganin gyaran bai kammala ba, suna zargin Sarki Charles da Laud, wanda ya zama shugaban limaman ƙasar a 1633, da ƙoƙarin komar da jama'a Katolika ta bayan gida. Mutanen Ƙaramar Gidding sun sha faɗin cewa su iyali ne kawai masu bin dokokin Cocin Ingila, ba su ɗauki alkawarin zuhudu ba, kuma 'yan matansu da dama sun yi aure sun tafi. Amma 'yan mata marasa aure da tsayuwar dare da kyandir sun isa su tayar da jita-jita.

Mary Ferrar ta rasu a 1634, Nicholas kuma ranar 4 ga Disamba, 1637. Kafin rasuwarsa ya sa aka auna wurin kabarinsa a gaban ƙofar cocin, aka ƙone akwatunan littattafan wasan kwaikwayo da na soyayya da ya tara a ƙuruciya a kan wurin. John da Susanna suka ci gaba da riƙe gidan. A 1641 aka buga wata ƙasida aka raba wa 'yan Majalisa, tana kiran wurin gidan mata 'yan zuhudu irin na Katolika. An samo ta ne daga wasiƙar wani lauya, Edward Lenton, wanda ya ziyarce su a 1634, amma an murɗe maganarsa har shi kansa ya nesanta kansa da ita.

A watan Maris na 1642 Sarki Charles ya biya ta gidan tare da ɗansa a hanyarsa ta zuwa arewa, kuma a cikin wannan shekarar yaƙin basasa ya ɓarke tsakaninsa da Majalisa. Aka murƙushe rundunarsa a Naseby a 1645. Bisa labarin da aka gada, a daren 2 ga Mayu, 1646, sarkin ya sake zuwa, wannan karon a ɓoye cikin shigar bara, bayan ya sulale daga Oxford. John ya ji tsoron za a zo bincike, sai ya raka shi cikin duhu ta gonaki zuwa wani gida a ƙauyen Coppingford. Kwana uku bayan haka sarkin ya miƙa kansa ga sojojin Sikotilan, kuma a watan Janairu na 1649 aka sare masa kai a Landan. An daɗe ana ba da labarin cewa sojojin Majalisa sun wawashe gidan da cocin a 1646, sai dai masu binciken baya-bayan nan sun yi shakkar aukuwar haka. Abin da ya tabbata shi ne cewa ajali ne ya kawo ƙarshen jama'ar. John da Susanna sun rasu a 1657, 'yan makonni tsakaninsu, daga nan tsarin ibadar ya tsaya bayan kimanin shekara 30.

Yadda rubutu ya sake raya wurin

Zuriyar Ferrar sun sake gina cocin a 1714, suka rage tsawonsa. Daga baya gandun ya fita hannunsu, babban gidan ya rushe, wurin ya koma hannun tumaki kamar da. Da a ce babu abin da aka rubuta, da labarin ya ƙare ke nan. Amma John ya rubuta tarihin ƙaninsa kafin ya rasu, kuma iyalin sun adana dubban wasiƙu da takardu. Waɗannan suka faɗa hannun Peter Peckard, shugaban Kwalejin Magdalene ta Kambirij, wanda ya auri wata daga zuriyar. Ya buga tarihin Nicholas a 1790, takardun kuma suna nan a kwalejin har yau.

Daga wannan littafi ne sauran abubuwa suka tsiro. Wani lauya daga garin Stamford mai suna William Hopkinson, wanda ya karanta shi, ya sayi gandun a 1848, ya gina gidan gonar da ke saukar baƙi yanzu, ya kuma gyara cocin a 1853. A 1881 J. H. Shorthouse ya fitar da ƙagaggen labarinsa John Inglesant, wanda wani sashensa ya gudana a gidan Ferrar, ya kuma yi farin jini ƙwarai. A watan Mayu na 1936 mawaƙi T. S. Eliot ya kai ziyarar yini ɗaya. Bayan shekaru, a lokacin da jiragen Jamus ke ruwan bama-bamai a Landan shi kuma yana aikin gadin gobara da dare, ya rubuta doguwar waƙar da ya sa wa sunan ƙauyen, aka buga ta a 1942. A cikinta ya yi tunani a kan wuta mai ƙonewa da wuta mai tsarkakewa, da yadda mutuwa ta haɗa waɗanda suka yaƙi juna a zamanin Charles. Da ya sami kyautar Nobel a 1948, sunan Ƙaramar Gidding ya ƙara yaɗuwa a duniya.

A 1946 aka kafa ƙungiyar abokan wurin domin kula da cocin. A shekarun 1970 wasu iyalai suka sake gwada zaman ibada tare a can, amma wannan jama'a ta watse a 1998. Cocin Ingila ya keɓe ranar 4 ga Disamba domin tunawa da Nicholas Ferrar, kuma masu ziyara sukan yi tattaki zuwa kabarinsa daga Leighton Bromswold, inda cocin da Herbert da iyalin Ferrar suka haɗu suka gyara yake.

Kammalawa

Mun ga yadda annoba da kwaɗayin kuɗin ulu suka mayar da ƙauye kufai, da yadda iyali ɗaya da suka yi asarar matsayinsu a birni suka raya shi da ibada da hidimar maƙwabta. Mun kuma ga cewa irin wannan tsari yana da wuyar gada, domin sau biyu aka kafa shi a wuri ɗaya, sau biyu yana ƙarewa da ƙarewar waɗanda suka ɗauki nauyinsa. Ƙauyukan da aka watsa domin kiwon tumaki suna da yawa a Ingila, kuma galibinsu sai masu tonon tarihi ne suka san inda suke. Ƙaramar Gidding ta tsira daga mantuwa saboda John Ferrar ya zauna ya rubuta abin da ya gani, jikoki kuma ba su zubar da takardun kakanni ba. Wannan aiki ne da ke jiran duk ɗalibin da ya fito daga ƙaramin gari, kuma ya fi sauƙi tun tsofaffin da suka san labarin suna raye.